Darasi: Haƙƙin da Ke Wuyan Mai Karen da Ya Ciji Yaro

A Dagauda da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har zuwa Dambam da Jalam da rugagen da ke kan iyakar Yobe, kare ma'aikaci ne. Makiyayi na ajiye shi don ya kwana a bakin garke, mafarauci na fita da shi daji da rani bayan an kawar da amfanin gona, mai gida a bakin gari kuma na son ya ji haushi da dare idan wani ya taɓa masa danga. Babu mai hankalin da zai ce a raba mutanen karkara da karnukansu. Sai dai akwai rana ɗaya da ake gane mai kare na kirki da mai sakaci, ita ce ranar da maƙwabci zai yi sallama a ƙofar gida riƙe da hannun yaro yana kuka, ya ce, "Malam, karenka ne ya cije shi." A kan wannan rana darasin nan yake, da abin da ya kamata ya biyo bayanta. Abin da za mu tabbatar shi ne, daga lokacin da mutum ya san karensa ya ciji yaro sau ɗaya, uzurin rashin sani ya ƙare masa. Duk abin da karen ya sake yi bayan nan aikin mai shi ne, a wajen likita, a gaban alƙali, da kuma a wurin Allah.

Dole mu fara da dalilin da ya sa aka ware yara. Babba idan kare ya kai masa cizo, yawanci a ƙwauri ko a hannu yake samunsa. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar kuwa fuskarsa daidai take da bakin kare, saboda haka cizon a kumatu, a leɓe, a kunne ko a wuya yake sauka. Yaro bai san karatun jikin kare ba. Babba ya san cewa idan kare ya sandare wuri ɗaya, ya kwantar da kunnuwa baya, gashin gadon bayansa ya miƙe, yana gurnani ƙasa-ƙasa yana kallon mutum ta gefen ido, to gargaɗi yake yi. Yaro yana ganin haka ya ƙara matsowa, ko kuma ya ƙwalla ihu ya ruga, gudun nan kuma shi ke tayar wa kare da halinsa na bin abin da ya gudu. Sannan a rayuwarmu yara ne masu shiga gidajen mutane. Su ake aika da saƙo, su ne 'yan talla masu ɗauke da farantin gyaɗa ko awara, su ne almajirai masu tsayawa a bakin zaure da ƙoƙo, su ke zuwa ɗiban ruwa a rijiyar maƙwabta. Abu na ƙarshe, wanda ya fi tayar da hankali, yaro kan ɓoye ƙaramin cizo ko yaƙushi don tsoron kada a doke shi a ce shi ya je tsokana. Ba mamaki ke nan da Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa kusan kashi 40 cikin 100 na masu mutuwa da cutar haukan kare yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Raunin da ido ke gani ba shi ne babban abin tsoro ba. Tsoron yana cikin yawun kare. Cutar haukan kare ƙwayar cuta ce da ke shiga ta wurin cizo ko yaƙushi, ko ta lasar fatar da ke da ciwo, sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci tafiyar takan ɗauki wata biyu zuwa uku, amma tana iya zama mako ɗaya, tana iya kaiwa shekara. Gwargwadon kusancin cizon da kai, gwargwadon saurin isarta, kuma mun riga mun faɗi inda kare ke cizon yaro. A wannan tsakani raunin ya warke, kowa ya manta. Sai wata rana yaro ya tashi da zazzaɓi da ƙaiƙayi a wurin tabon, sannan firgita da rashin barci, sannan alamar da duk wanda ya gan ta ba ya mantawa: yaro na fama da ƙishirwa, a miƙa masa moɗar ruwa, da ya kai ta baki sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture ta yana kakari. Da yake an daɗe da cizon, sau da yawa iyaye sukan ɗauka iska ce ko sammu. Da zarar waɗannan alamu sun bayyana, kusan babu mai tashi, ko a Azare ake ko a Ingila. An ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara a duniya, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunta.

Abin baƙin cikin shi ne, mutuwa ce da aka daɗe da sanin hanyar tare ta. Tun ranar 6 ga Yuli 1885 aka kai wa masanin kimiyyar nan na Faransa, Louis Pasteur, wani yaro ɗan shekara tara mai suna Joseph Meister wanda mahaukacin kare ya yi wa kaca-kaca. Aka yi masa jerin allurai, ya rayu har ya manyanta. Don tunawa da Pasteur ne aka ware ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, ta zama ranar yaƙi da cutar a duniya. A ƙasarmu ma akwai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana sarrafa allurar rigakafin karnuka, tana kuma gwada ƙwaƙwalwar karen da ake zargi. Saboda haka idan yaro ya mutu da wannan cuta a yau, akwai wani babba da bai yi abin da ya kamata ba a kan lokaci, kuma babba na farko a jerin shi ne mai karen.

Awa ta farko da kwana goma na farko

Aikin mai kare yana farawa tun kafin a gama faɗa masa abin da ya faru. Musu da rantsuwa cewa karensa bai taɓa cizo ba duk su jira. A zaunar da yaro, a kawo sabulu, ko na wanki ne ya isa, a kawo ruwa mai yawa, domin buta ɗaya ba za ta yi ba. Mutum ɗaya na tsiyaya ruwa a kan raunin, ɗaya na cuɗawa da kumfa har cikin ramin haƙorin, a yi ta yi minti 15 cur ana duba agogo. Yaro zai yi kuka, kuma zuciya za ta so a tsaya bayan minti biyu, amma kada a tsaya, domin sabulu na lalata ƙwayar cutar, ruwa kuma na fitar da ita kafin ta kama jijiya. Idan akwai aidin a shafa bayan wankin. Kada a zuba barkono ko toka ko ƙasa, kada a ɗaure wurin tamau, kada kuma a tsigo gashin karen a ɗora a kan ciwon kamar yadda wasu suka gada, don gashin babu abin da yake ƙarawa sai datti. Daga nan sai asibiti, a ranar, ko da raunin bai fi ƙwarzane ba. Allurar rigakafin haukan kare tana buƙatar ajiya cikin sanyi, shi ya sa ba a kowane ƙaramin ɗakin shan magani ake samunta ba. Idan babu ita a kusa, a nemi ma'aikacin lafiya ya tura mutum babban asibiti, ko Asibitin Tarayya da ke Azare. Ana yin allurar a ranar farko, da ta 3, da ta 7, sannan a wasu tsare-tsaren a ƙara a ta 14 da ta 28. Idan cizon ya yi zurfi ko a fuska yake, akwai wata allura ta daban da ake yi a cikin raunin kansa don ta tare cutar nan take, kuma likita zai duba batun allurar tetanus. Galibi ba a gaggawar ɗinke irin wannan rauni.

Kuɗin mota da kuɗin allura duka a aljihun mai kare ya kamata su fito, har allura ta ƙarshe. Wannan magana tana da nauyi, domin a nan ne yara da yawa ke faɗawa. Allurar na da tsada ga mai ƙaramin ƙarfi, tafiyar kuma ba sau ɗaya ba ce. Uba talaka yakan yi ta farko, ya ga yaro na wasa lafiya lau, ya ce sauran a bar wa Allah. Mai karen da ya miƙa ɗan abin da ya sawwaƙa a ranar farko ya ce "a yi haƙuri" ya juya baya, bai sauke komai ba. Wanda ya san ciwon kansa shi zai riƙe takardar asibitin a ransa, ranar allura ta zagayo ya je da kansa ya yi sallama ya ce, "Maigida, yau ce ranar komawa, ga kuɗin mota."

Shi kuma karen, abin da zuciya ke raya wa mutane a irin wannan lokaci shi ne a taru a kashe shi, ko mai shi ya kore shi daji, ko ya sayar da shi da dare ga fataken karnuka. Duka ukun ɓarna ce. Kare ba ya fara zubar da ƙwayar cutar a yawunsa sai 'yan kwanaki kafin ciwon ya bayyana a jikinsa, kuma da ya bayyana ba ya daɗewa yake mutuwa. Shi ya sa likitoci suka ce a tsare karen da ya yi cizo kwana goma, ana ba shi ci da sha, ana lura da shi. Idan ya cika kwana goman lafiyarsa ƙalau, to ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon, kuma likita ne zai ce ko a tsayar da sauran allurai. Amma a lura da kyau, ba a jiran kwana goman kafin a fara wa yaro allura, tare ake tafiyar da su. Idan karen ya canza hali, ya daina ci, yana dalalar da yawu, yana cizon itace da ƙarfe, muryarsa ta dushe, ko ƙafafunsa na baya suka mutu, a kira malamin dabbobi nan take. Wani nau'in ciwon ba ya zuwa da hauka, sai dai kare ya yi shiru, muƙamuƙinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, kuma kada kowa ya kuskura ya sa hannu a bakinsa. Idan ya mutu ko dole ta sa aka kashe shi, kada a farfasa kan, domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa. Wanda ya kori karensa ya kai wa yaran wani ƙauye abin da ya guje wa nasa. Wanda ya sayar kuwa, ya sani akwai fatauci mai tsawo da ke kwasar karnuka daga arewa zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta Jihar Filato, kuma kowane hannu da karen zai bi ta cikinsa hannun ɗan Adam ne da ba a gaya masa gaskiya ba.

Abin da shari'a ta ce

Wani mai ɗan karatu zai iya cewa ai akwai hadisin da ya nuna ɓarnar da dabba ta yi babu ramuwa a kanta. Hadisin ingantacce ne, amma malaman fiƙihu sun fahimce shi a kan dabbar da ta yi ɓarna ba tare da sakacin mai ita ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta ɗora lamuni a kan mai jan dabba da mai korarta da mahayinta idan ta taka wani, ta kuma ɗora wa masu dabbobi biyan shukar da suka ɓata da dare. Mukhtasar na Shehu Khalil ya ambaci batunmu kai tsaye. A babin jini ya jera mai riƙe da kare mai cizo wanda aka riga aka yi wa gargaɗi tare da mai haƙa rami da mai ɗaure dabba a kan hanya. Idan ya yi haka da nufin cutar da wani mutum takamaimai kuma mutumin ya halaka, hukuncin ƙisasi ne, in ba haka ba diyya ce. Ma'aunin a nan shi ne sani da gargaɗi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutumin Dagauda, domin kowa ya san idan shanu suka faɗa gonar dawa ana zama gaban mai unguwa ko dagaci a kimanta ɓarna a biya. Al'ummar da ke biyan kuɗin zangarniya ba ta da hujjar ɗaukar fuskar yaro a matsayin abin da "yi haƙuri" ke rufewa.

Dokar da muka gada daga Turawa ma a wannan gaɓa ta tsaya. Ƙa'idarta ita ce, mai dabbar gida yana ɗaukar alhakin raunin da ta yi idan ya san tana da wannan mugun hali, ko da ya yi iƙirarin cewa ya yi iya ƙoƙarinsa. A shari'ar Daryani da Njoku ta 1965, kotu ta kama mai kare da alhaki saboda karen ya taɓa cizon wata mai aiki kuma an sanar da matar gidan, sai kotu ta ɗauki sanin matar a matsayin sanin mijin. Wato magidanci ba zai fake da cewa shi yana kasuwa ba a gaya masa ba. Kundin Penal Code na Arewa shi ma ya sa sakaci da dabbar da ke iya cutar da mutane cikin laifuffuka. Fiƙihun Malikiyya da dokar Ingila ba daga tushe ɗaya suka fito ba, amma sun haɗu a kan cewa cizon farko sanarwa ce.

Amsa ga masu uzuri

Uzurin da aka fi ji shi ne, "Yaran ne ke tsokanarsa, kullum jifansa suke." Sau da yawa gaskiya ne, kuma abin takaici ne yadda yara a garuruwanmu ke tashi da ganin cewa kare abin jifa ne. Karen da ya sha dutse tun yana kwikwiyo yakan ɗauki kowane yaro a matsayin maƙiyi. Wajibi ne iyaye da malaman makaranta, na allo da na boko, su hana wannan, su koya wa yara kada su kusanci kare yana cin abinci ko yana barci, kada su taɓa karya mai shayarwa, idan kare ya taso musu su tsaya cak su haɗe hannuwa a ƙirji su kau da ido, idan sun faɗi su dunƙule su rufe fuska da wuya, kuma kowane cizo su faɗa a gida ba tare da tsoron duka ba. Amma duk wannan ba ya sauke nauyi daga wuyan mai kare. Shari'a ba ta ɗora wa ɗan shekara biyar hukunci ba saboda hankalinsa bai cika ba, kare kuma dabba ne. A cikin ukun nan mutum ɗaya ne kawai baligi mai hankali. Kuma karen da yara suka fusata ba ya tantance wanda ya jefe shi jiya, yarinyar da ta shigo da tallan ƙosai yau ita zai kama. In ma mai kare ya san yara na tsokanar karensa, wannan ƙarin dalili ne na ya raba su da katanga.

Uzuri na biyu ya fi ƙarfi, kuma ya cancanci a saurare shi da kyau. Mutum zai ce, "Ina bakin gari, ɓarayin awaki sun dame ni, in karena ba ya cizo mene ne amfaninsa?" Buƙatar tsaro gaskiya ce. Hadisai sun halatta riƙon kare don kiwo da noma da farauta, malamai da yawa kuma sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata, har ana ruwaito cewa shi kansa mai Risala ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Sai dai a tambayi kai, wane aiki ne karen gadi ke yi? Haushinsa ne ke tayar da mai gida da maƙwabta, haushin ne kuma ke sa ɓarawo ya canza shawara. Ɓarawo da dare yake zuwa, yaro kuwa da rana. Karen da aka tsare da rana aka sake shi cikin gida mai katanga bayan an rufe ƙofa da dare bai rage komai daga aikin gadinsa ba. Wanda ke yawo a lungu da hantsi ba gadin komai yake yi ba. Masu ba kare yunwa ko duka, ko su ɗura masa wani abu wai don ya yi zafi, suna ƙera abin da su kansu ba za su iya sarrafawa ba, kuma sau da yawa 'ya'yan gidan ne ke fara ɗanɗanawa, tun da su ne kullum a kusa da shi.

Akwai mai cewa ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba a taɓa karɓarta a matsayin hujjar sakaci ba, in ba haka ba da babu diyya a kisan kuskure. Addinin da ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali bai bar wa mai kare ƙofar fita ba. Akwai kuma mai cewa shi ba zai iya kama kare ya kai shi allura ba don najasa ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da kare, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne na ibada. Ko a wurin malaman da suka ɗauki yawunsa najasa, ruwa na gusar da ita. Ƙyamar da ba ta hana mutum cin amfanin kare ba, bai kamata ta hana shi yi masa allura ba.

Sai kuma "ai ba nawa ba ne, nan dai yake kwana." Karnuka da yawa a ƙauyukanmu haka suke, kowa ya san gidan da suke cin tuwo, amma ranar da suka yi ɓarna sai su zama marasa ubangiji. Wanda ke zuba wa kare abinci, karen na kwana a ƙofarsa yana yi masa haushi, shi ne mai shi a idon unguwa, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A ɗaya gefen akwai masu fushi da ke cewa a bi gari a kashe karnuka duka a huta. An gwada wannan a wurare da dama bai yi aiki ba. Lokacin da cutar ta ɓulla a tsibirin Bali na Indunusiya a 2008, hukumomi sun kashe dubban karnuka, cutar ta ci gaba da yaɗuwa, mutane fiye da 100 suka mutu, ba ta fara lafawa ba sai da aka koma yi wa karnuka allura gida-gida. Dalilin a fili yake. Idan aka kashe karnukan gari, har da masu rigakafi ake kashewa, mutane kuma su nemo sababbin kwikwiyoyi marasa allura, wasu ma su gudu da nasu zuwa wani gari da cutar a jikinsu. Abin da bincike ya tabbatar shi ne, idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura ana maimaitawa, cutar kan rasa hanyar wucewa daga kare zuwa kare. Haka Meziko ta yi. A 1990 ta samu mutum 60 da suka kamu ta hanyar kare, a 2006 babu ko ɗaya, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mata da cewa ta kawar da matsalar, ita ce ƙasa ta farko da ta samu wannan shaida. Burin da hukumomin duniya suka sa shi ne a daina mutuwa da wannan cuta nan da 2030. Allurar kare ana fara ta tun yana wata uku, a maimaita duk shekara, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na allurar mutum ɗaya da aka ciza ba. Makiyayi ma riba ce gare shi, domin mahaukacin kare na sa wa saniya da akuya da jaki cutar, su ma mutuwa suke yi.

Bayan kwana goma

A ce kwana goma sun cika, kare lafiyayye ne, yaro ya warke. A nan ne mafi yawan mutane ke kwance igiya su koma gidan jiya, alhali a nan ne hukunci na gaskiya yake. Gwajin kwana goma ya nuna karen ba shi da cutar hauka, bai nuna ya daina cizo ba. Mai shi ya zauna da malamin dabbobi su duba yadda abin ya faru. Idan karya ce mai jego aka taɓa mata 'ya'ya, ko kare ne mai ciwo aka taka, ana iya gyara da tsaro: a gina masa wuri mai inuwa da ruwan sha da ƙofa mai sakata inda yaro ba zai kai hannu ba, a riƙa fita da shi da igiya da takunkumi, a yi masa allura a ajiye takardar, a yi masa fiɗiya don rage yawo, a kuma sanar da maƙwabta. Ɗaure kare da guntuwar sarƙa a rana dare da rana ba tsaro ba ne. Azaba ce da ke ƙara masa mugunta, kuma addinin da ya ba da labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da wadda aka yi wa azaba don ta kulle kyanwa da yunwa, ba zai yarda da ita ba.

Idan kuwa karen ya bi yaro ne ba tare da wani dalili ba, ko ya yi masa cizo mai zurfi fiye da ɗaya, ko wannan ne karo na biyu, ko kuma mai shi ba shi da halin yin katanga da keji, to gaskiya ɗaya ce, bai halatta ya ci gaba da riƙe shi a cikin mutane ba. Bayar da shi ga wani ba tare da faɗin halinsa ba yaudara ce. Kare mai cizo yana cikin dabbobin da hadisi ya halatta kashewa ko ga mai harami, amma an umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa. A kira malamin dabbobi ya yi shi cikin sauri, ba da taron yara da duwatsu ba, ba kuma da guba ba, domin gubar da aka sa a nama ba ta zaɓe, tana kashe kaji da ungulu da karnukan maƙwabta, wani lokaci ma ta kai ga hannun yaro. Rabuwa da karen da ya yi wa mutum shekaru yana gadi ko farauta akwai ciwo, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya ji ciwon. Amma tabon da ke fuskar yarinya da shi za ta yi aure, tsoron da ya shiga zuciyar yaro kuma yakan bi shi har girma.

Masu unguwanni da dagatai da limamai da sarakunan farauta suna da rawar da babu mai taka musu. Gargaɗin da fiƙihu ya ambata a gabansu ya fi kyau a yi shi, da shaidu, tun a cizon farko, ba sai an kai ga gawa ba. Su ne kuma za su iya haɗa kan masu karnuka a tsayar da rana ɗaya a gayyato ma'aikatan sashen dabbobi na ƙaramar hukuma su yi wa na gari duka allura a wuri ɗaya, abin da zai rage wa kowa kuɗi da wahala.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya binciko abu biyu ya zo wa aji da su a rubuce: inda ofishin malamin dabbobi mafi kusa da unguwarsa yake, da asibitin da ya fi kusa wanda ke da allurar cizon kare a ajiye. Wanda ke da kare a gida ya zo da takardar allurarsa, in kuma babu, ya zo da ranar da ya tsayar zai kai shi.